Tambaya da Amsa: Na koma Windows 11, Photoshop ya ƙi aiki

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, jama'a suke ta ƙaura zuwa Windows 11, kuma masu aikin hoto ne suka fi kawo mini kuka. Ga wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka zo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani situdiyon hoto a unguwar Sabil da ke Jidda, muna yin hoton fasfo da na ikama (katin izinin zama a Saudiyya) da na biki. Kwana shida ke nan da na sabunta kwamfutar shago zuwa Windows 11. Tun ranar, in na buɗe hoto a Photoshop sai wurin ya yi baƙi ƙirin, wani lokacin ya rufe kansa. In ma ya buɗe, farar riga sai ta koma kamar an jiƙa ta a ruwan kurkum. Jiya kuma ya ce mini wurin ajiya ya cika. Wani mai gyara ya ce in kawo riyal 100 ya wanke kwamfutar gaba ɗaya. Mai shago ya fara ɗaure mini fuska. In kai masa? Daga mai hoto, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka kai tukuna. Wanke kwamfuta, wato a goge komai a sake sa Windows, shi ne matakin ƙarshe, kuma abin da ka lissafa bai kai nan ba. Matsala uku ce a hannunka, kowace da tushenta, sun dai taso rana ɗaya ne shi ya sa ka ɗauka abu ɗaya ne.

Kafin ka taɓa komai, ka samo hadis na waje (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) ka kwashe hotunan mutane a ciki. Yau, ba gobe ba. Hoton biki amana ne, in ya salwanta ba a sake ɗaura auren don a ɗauki wani.

Sannan ka lura da kwanakinka. Windows yana ba mutum kwana 10 bayan sabuntawa ya koma tsohon in bai gamsu ba, ta sashen Recovery a cikin saituna. Ka ci shida, saura huɗu. Abin da ke ba da damar komawar shi ne wata folda mai suna Windows.old da ke cikin C, wato babbar ma'ajiyar kwamfutar, kuma ita ce na fi zargi da cika maka wuri, don tsohon Windows ɗin ne sukutum a cikinta. Photoshop yana aron fili a hadis yana aiki a kai kamar yadda tela yake baza yadi a tebur, in filin ya ƙare sai ya tsaya. Mutane da yawa suna ganin girman foldar sai su goge ta, su rufe wa kansu ƙofar komawa. Kai ka bar ta har sai komai ya daidaita. Ka rage wuri ta hanyar kwashe tsofaffin ayyuka, in kuma kwamfutar tana da ma'ajiya ta biyu, wato D, ka riƙe Ctrl da Alt lokacin da Photoshop yake tashi, zai tambaye ka inda zai riƙa aron fili, ka nuna masa can. Ni a tawa ba na barin C ya gaza giga 50 a sake.

Baƙin da kake gani kuwa, kusan kullum direban katin hoto ne, wato sashen kwamfuta da ke fitar da hoto a sikirin. Direba ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da katin. Lokacin sabuntawa, Windows yakan sa nasa na gama-gari, wanda ya isa a buɗe intanet da rubuta takarda, amma Photoshop yana jingina da katin sosai wajen nuna hoto da zuƙo shi. Gwajin ba ya cin minti biyu: shiga Edit, sai Preferences, sai Performance, ka cire alamar da ke kan Use Graphics Processor, ka rufe Photoshop ka sake buɗewa. In baƙin ya tafi, ka kama ɓarawonka. Sai ka duba sunan katinka, NVIDIA ne ko AMD ko Intel, ka sauko da sabon direbansa na Windows 11 daga shafin kamfanin da kansa. In laftof ce, fara duba shafin wanda ya ƙera ta. Bayan ka sa, ka kashe kwamfutar ka kunna, ka mayar da alamar da ka cire. Ina roƙonka ka guji manhajojin nan da ke cewa za su sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya. Na gyara ɓarnarsu fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Yanzu batun farar riga, kuma nan ne nake so ka natsu. Hoton lafiyarsa ƙalau, sikirin ne ke yi maka ƙarya. Tura hoton nan zuwa wayarka ka gani, ko ka buga ɗaya a firinta ba tare da ka taɓa kalarsa ba. Haɗarin shi ne ka ga rawaya ka yi ta ƙara shuɗi don ka kashe ta. A farkon shigata wannan sana'a na yi haka da hotunan wani biki gaba ɗaya, aka wanko su fuskar amarya da ta ango duk sun yi shuɗi-shuɗi, na biya kuɗin takarda da tawada daga aljihuna, kuma har yau ina tuna yadda uwar amarya ta yi shiru tana juya su ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar da kusan kowane namiji yake zuwa ɗaukar hoto da farar riga, wannan kuskure ba ya ɓuya.

Wuri uku za ka duba. Akwai hasken dare da Windows yake kunnawa don sauƙaƙa wa ido, yana sa komai ya yi ja-ja, ka tabbatar a kashe yake. Akwai HDR, saitin da ke ƙara wa sikirin haske da kala, ka kashe shi lokacin aiki. Bayan fitowar Windows 11 a Oktoban 2021, Microsoft da kansa ya sanar a Disamban shekarar cewa a wasu sikirin masu HDR fari yana fita rawaya a cikin manhajojin gyaran hoto, ya kuma fitar da gyaran a Janairun 2022, don haka ka bar Windows ya gama sauko da duk sabuntawarsa. Na uku shi ne fayil ɗin kala na sikirin, wanda sabuntawa kan musanya. Rubuta colorcpl a wurin bincike, ka zaɓi sikirinka, ka sa masa sRGB, fayil ɗin kala na gama-gari, na wucin gadi. In farin ya dawo, ka san tsohon fayil ɗin ne ya lalace. Firintar ma ka sabunta mata direba, ita ma tana da nata lissafin kala.

In ka yi duk wannan yana nan yana rufe kansa, riƙe Shift yayin buɗewa don ya tsallake ƙarin manhajojin da aka liƙa masa, irin na gyaran fata da masu situdiyo ke so. Tsofaffinsu kan jawo haka. In bai yi ba, riƙe Ctrl da Alt da Shift tare, ka yarda ya goge saitunansa ya fara sabo, amma ka fara adana burushinka da jerin aikin hoton fasfo da ka tsara. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kana gwadawa. In ka canza biyar a tare ya gyaru, ba za ka san wanne ya yi magani ba ranar da ciwon ya dawo. Ka gaya wa mai shago ya ba ka yini guda. Nan gaba kuma kada a sabunta kwamfutar shago ana dab da azumi ko aikin Hajji, lokacin da layi yake kaiwa bakin ƙofa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina yin katin gayyata da tallan abaya da turare a gida, a Shara Mansur, Makka. Ɗana ya sabunta mini kwamfuta ya sake sa Photoshop, yanzu rubutun Larabci yana fita a warwatse, haruffa ba sa haɗuwa, kuma daga hagu yake farawa. Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, barka kadai. Wannan mai sauƙi ne, in sha Allahu. Saitin rubutu ne ya koma na asali da aka sake sa manhajar. A tsofaffin Photoshop, ki ce wa yaron ya shiga Preferences, sashen Type, ya zaɓi tsarin rubutu na Gabas ta Tsakiya, ya rufe ya sake buɗewa. Rubutun da kika riga kika yi ba lallai ya gyaru da kansa ba, ki buɗe sabon akwatin rubutu ki sake bugawa. In kuma wani salon rubutu da kika saba da shi ya ɓace, sai an sake sa shi a Windows. Ki gwada shi da ƙ da ɗ da ɓ kafin ki yi katin Hausa, da yawa ba su da su, sai ki ga murabba'i a tsakiyar sunan amarya.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Madina. Na sayi Mac na hannu, na sabunta shi, Photoshop CS6 da aka ba ni a filas ya ƙi shiga. Akwai dabara?

Amsa: Ƙanena, babu dabarar da zan ba ka da zuciya ɗaya. CS6 na 2012 ne, kuma tun macOS Catalina a 2019 Apple ya daina karɓar manhajoji masu bit 32, alhali abin da ke shigar da CS6 yana cikinsu. Wanda aka ba ka a filas kuma, in fasasshe ne, wato na sata, kada ka sa shi a na'urar da kake shiga Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, da asusun bankinka, ban da haƙƙin masu shi da ka fi ni sanin hukuncinsa. In aikinka yanke hoto ne da gyara haske da ɗora rubutu, sauko da GIMP, kyauta ne kuma halal, zubinsa na 3.0 ya fito a Maris 2025, yana kuma buɗe fayilolin Photoshop, wato PSD. Maɓallansa sun ɗan bambanta, ka ba shi mako biyu hannunka ya saba. In ka maƙale a wani wuri, sake rubuto mini da sunan Mac ɗin da shekararsa.