Tambayoyin Masu Karatu: Shiga na'urar netwok ta layin umarni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata makaranta mai zaman kanta a Tarauni, inda aka ɗora mini kula da na'urar Cisco da ke rarraba mana intanet, wadda kuma da ita muke sa ido kan zirga-zirgar bayanai. Shafinta da muke buɗewa a burauza ya daina fitowa. An ce mini ana iya shiga ta layin umarni, wato inda ake rubuta wa na'urar umarni kai tsaye, amma ban san ta inda zan fara ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin fitowar shafin ba ya nufin na'urar ta lalace, domin tana da ƙofar da ba ta dogara da netwok ba. Duba jikinta, za ka ga wata kafa da aka rubuta Console a kanta. Ka nemi kebul ɗinta, wanda yawanci shuɗi ne mai faɗi, a shagunan kayan kwamfuta na titin Beirut, kuma ka zaɓi mai bakin USB, tunda kwamfutocin yanzu ba su da tsohuwar kafar siriyal.

Bayan ka haɗa, sai ka buɗe manhajar PuTTY, ka zaɓi Serial, ka rubuta lambar COM, wato lambar kafar da kebul ɗin ya samu, wadda Device Manager na Windows ya nuna maka, ka sa gudun aika bayanai (Speed) a 9600, sannan ka danna Enter. Idan wasu baƙaƙe marasa kan gado suka cika allon, gudun ne bai dace ba. Na'urorin kamfanin MikroTik, alal misali, 115200 suke so.

Da ka shigar da suna da kalmar sirri, za ka ga alamar > a ƙarshen layi, ma'ana dubawa kaɗan kawai aka yarje maka. Rubuta enable, alamar ta koma #, to, daga nan komai yana hannunka, kuma a nan ne nake roƙonka ka yi haƙuri. Ranar farko ta karatu ce, ba ta gyara ba. Umarnin show ip interface brief zai jero maka kafofin da ke aiki da waɗanda suka faɗi, show logging zai ba ka labarin abin da ya faru da lokacinsa, shi kuwa show running-config zai baje maka dukkan saitin. A cikinsa ka nemi layin no ip http server, domin mai yiwuwa wani ne ya kashe shafin da gangan, abin da ƙwararru da yawa ke yi saboda tsaro. Idan umarni ya ɓace maka, alamar tambaya za ta nuna maka abin da ake iya rubutawa a wurin.

Duk canjin da ka yi yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai ka rubuta copy running-config startup-config. A Kano, inda ake iya ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, mantawa da wannan layi asarar wuni guda ce. Sai dai kada ka yi gaggawar adanawa kafin ka gwada, domin muddin ba ka adana ba, kashe na'urar da kunna ta zai dawo da tsohon saiti.

Idan netwok ya daidaita, ka riƙa shiga daga teburinka ta SSH, hanyar shiga ta netwok mai ɓoye bayanai, wadda ke amfani da lambar kafar sadarwa (port) 22, ka rabu da tsohuwar hanyar Telnet, domin shi kalmar sirri a fili yake aika ta. In kuma kalmar ta tafi da ma'aikacin da ka gada, dawo da ita na buƙatar kashe na'urar, saboda haka ka nemi izinin shugaban makaranta, ka bari sai an tashi ɗalibai.