Awa shida a filin jirgi: a ci a ciki, ko a fita gari?

Wasiƙun wannan makon duk na matafiya ne, kuma duk a kan ciki suke. Na zaɓi biyar daga cikinsu.

Assalamu alaikum. Zan ya da zango na awa shida a Heathrow kafin in hau jirgi na biyu. An ce mini abincin filin jirgi ga tsada ga rashin daɗi. Shin in fita cikin Landan in ci in dawo?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin mu yi maganar abinci, ɗauko fasfonka mu duba. Fita daga filin jirgi shiga ƙasa ne, ko da shayi kawai za ka sha ka dawo, don haka sai ka bi ta gaban jami'an shige da fice. Birtaniya na da bizar wucewa iri biyu. Akwai ta wanda zai canza jirgi ba tare da ya fito ba, akwai kuma ta wanda zai bi ta shige da fice ya bar ƙasar cikin awa 48. In ta farko ke hannunka, maganar fita ta ƙare. Haka abin yake a ƙasashen Turai na yankin Schengen, sai da bizar shiga ga wanda fasfonsa ke bukatarta. Amurka kuwa tsarinta daban ne: duk wanda ya sauka sai ya bi ta shige da fice, ko da wucewa kawai zai yi.

In kana da izinin shiga, sai lissafi. Awa shidan nan a takarda suke. Daga saukar jirgi zuwa fitarka ƙofa, ka ware awa ɗaya, wani lokaci har fiye in layi ya yi tsawo. Ka ware awa biyu na ƙarshe don komawa, binciken tsaro da tafiya zuwa ƙofar jirgi, wadda ake rufewa tun kafin lokacin tashi. Saura awa uku, kuma a cikinsu za ka je, ka ci, ka dawo. Daga Heathrow zuwa tsakiyar Landan a jirgin ƙasa na layin Piccadilly kusan awa guda ne. Zuwa da dawowa sun cinye biyu ke nan, ka zauna kana cin abinci ido na kan agogo.

Don haka ka manta da tsakiyar gari. Abin da kake nema yana kusa da kai. Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, zai kai ka Southall cikin kamar minti goma sha biyar, unguwar da 'yan Indiya da Pakistan suka cika shekaru da dama, gidajen abinci a jere gefen titi, da yawansu na halal. Ka dai duba allo ka tabbata jirgin da za ka shiga yana tsayawa a can. Ko kuma ka bi Piccadilly tasha biyu ko uku zuwa Hounslow. A wuraren nan mazauna unguwa ake dafa wa, mutanen da in ba su ji daɗi ba gobe ba za su dawo ba.

Jirgin ƙasa na ce, ban ce tasi ba. Jirgin ƙasa an san mintinsa, cunkoson motoci kuwa ba ya alƙawari. Wannan shi ne ma'aunin da nake ɗora kowane birni a kai. A Dubai jirgin ƙasa na birni yana tsayawa a Terminal 1 da Terminal 3, kuma Deira, tsohuwar unguwar kasuwanci, 'yan tashoshi ne kawai. A Istanbul kuwa sabon filin, wanda aka koma gaba ɗaya a 2019, ya yi nisa da tsakiyar gari, kusan kilomita arba'in. Can awa shida ba ta isa ka fita kai kaɗai cikin kwanciyar hankali ba. Turkish Airlines na da shirin zagaya gari kyauta ga fasinjojinsa masu zango daga awa 6 zuwa 24, wanda ya fi dacewa da baƙo, tun da su suka san lokacin dawo da kai.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. In jirgi ya tashi ya bar ka saboda ka je cin abinci, kamfani ba shi da alhakin ba ka wani kyauta, kuma galibi sauran zangunan da ke kan tikitin sukan rushe, har da na dawowa gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala. A ganina in zangon bai kai awa biyar ba, ka zauna ciki. Naka shida ne, to Southall ko Hounslow, ka dawo da wuri.

Malam, in na buɗe taswirar waya a filin jirgi sai ta jero mini gidajen abinci barkatai, kowanne da taurari huɗu da wani abu. Ta yaya zan san na kirki?

Da farko kada ka yarda da nisan da ta nuna maka. Za ta ce wuri kilomita ɗaya da rabi ne, ba ta gaya maka cewa tsakaninku akwai titin saukar jirage, shingen waya da babbar hanyar da ba a tsallaka ta da ƙafa ba. Danna wajen neman hanya ka ga minti nawa za a yi, a kuma wane irin abin hawa. Sau da yawa wurin da ke tasha uku a jirgin ƙasa ya fi wanda kake hangowa ta taga saurin zuwa.

Taurari kuwa, yawan waɗanda suka bayar ya fi adadin muhimmanci. Taurari biyar daga mutum goma sha biyu, watakila dangin mai wurin ne. Ka jera tsokacin daga na baya-bayan nan, domin gidan abinci kan canza mai dafuwa ko mai shi, yabon shekara uku da suka wuce ya zama na wani wurin daban. Ni na fi karanta na masu taurari uku. Mai biyar yana cikin farin ciki, mai ɗaya yana cikin fushi, mai uku shi ne zai ce naman ya yi daɗi amma an daɗe ba a kawo ba. Kuma kai da ke jiran jirgi, wannan daɗewar ita ce labarin. Ka kalli hotunan da masu ci suka ɗauka, ka bar na mai wurin.

Amma hanyar da ta fi duk wannan ba ta cikin waya. Babban filin jirgi gari ne guda, dubun dubatan mutane ke aiki a cikinsa dare da rana: masu ɗaukar kaya, masu shara, direbobin bas, jami'an tsaro. Waɗannan ba sa iya biyan kuɗin fasinja kullum, sun kuma san inda ake bayarwa da sauri, tun da hutunsu ƙidayayye ne. Ka tambayi ɗaya daga cikinsu. Sai dai yadda ka yi tambayar shi zai ba ka amsar. In ka ce ina ne wurin cin abinci mai kyau, zai nuna maka mai tsada don ya ga kai baƙo ne. Ka ce masa, kai a ina kake ci in ka tashi aiki? A filin Changi na Singafo ma akwai kantin ma'aikata da kowa zai iya shiga ya ci, a farashin da bai kai na shagunan fasinja ba.

Ɗan tasi fa? Ya san gari, babu musu, amma a wasu biranen akwai masu karɓar la'ada a gidajen da suke kai baƙi. In ya matsa a kan wuri ɗaya tak, ka yi hattara. Gidajen abincin otel-otel da ke kewaye da fili kuma, yawanci tsabta ce da su da tsada, abincin kuwa na kowa da kowa ne wanda ba zai ɓata maka rai ba, ba kuma za ka tuna da shi ba. Amfaninsu shi ne in ka sauka tsakar dare komai a rufe.

A wasu wurare hukuma ta rage maka aiki. A Ingila ana ba gidajen abinci makin tsabta daga 0 zuwa 5, galibi za ka ga koren tambarin a ƙofa. A birnin Niyu Yok harafi ne, A ko B ko C, a manne a taga tun 2010. Wanda zai zauna awa takwas a kujerar jirgi bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Ni mace ce, ina tafiya da yara biyu, kuma damuwata abincin halal. Me zan yi?

Hajiya, aikinki yana farawa tun daga gida. Kamfanonin jirage na da abinci na musamman da ake nema kafin tafiya, na Musulmi lambarsa MOML, kuma yawancinsu suna son a nema awa 24 zuwa 48 kafin tashi. In kika bari sai kin shiga jirgi, ma'aikaciyar ba ta da inda za ta samo shi. Kamfanoni irin su Emirates, Qatar Airways da Turkish Airlines sun ce abincinsu duka halal ne. Ki lura da abu ɗaya: in tikitin na kamfani ɗaya ne amma jirgi na biyu wani kamfanin ke tuƙa shi, ki tabbatar da buƙatar a wajensu su ma.

A ƙasa kuma, rubutun da ke cewa babu naman alade ba shi ne halal ba. Akwai maganar yanka, akwai giyar da ake zubawa a miya, akwai kitsen da ake suya da shi. Ki nemi takardar shaida a bango. A Singafo hukumar MUIS ke bayarwa, a Malesiya JAKIM, a Birtaniya akwai ƙungiyoyi irin su HMC. Manhajar Zabihah na taimakawa wajen gano wurare a Amurka da Turai, amma jama'a ke cika ta, don haka ki sake tambaya in kin isa. In babu ko ɗaya, kifi, ƙwai da abincin ganye suna fitar da mutum, ki dai tambayi da me aka dafa.

Da yara biyu kuwa ba zan ba ki shawarar fita gari ba sai zangon ya yi tsawo sosai. Ki sa musu busasshen abin taɓawa a jaka.

Ba ni da bizar fita. Me ya sa komai na ciki yake da tsada haka, kuma yaya zan rage asara?

Tsadar tana da dalili, ɗan'uwa. Mai shago yana biyan haya mai nauyi, sau da yawa har da kaso na cinikinsa ga hukumar filin. Kowane kwalin kaya sai an bincike shi kafin ya shiga, kowane ma'aikaci sai an tantance shi. A saman wannan kuma sun san ba ka da inda za ka. Ba ko'ina ne haka ba: filin Portland a Amurka ya daɗe da dokar cewa shago ya sayar a farashin da yake sayarwa a cikin gari.

Kada ka tsaya a shagon farko bayan binciken tsaro, nan ne kowa ke tsayawa. Shafin intanet na filin yana da jerin shaguna da taswira, ka duba ka taka zuwa inda aka tara masu abinci da yawa wuri ɗaya, inda gasa ke rage farashi. Ƙaramin kanti mai sayar da burodi, 'ya'yan itace da madara ya fi gidan abinci araha nesa ba kusa ba. Ruwa kuma kada ka saya. Dokar mililita 100 da aka kafa a 2006, wadda ta ƙayyade ruwan da za a wuce binciken tsaro da shi, ta shafi abin da ke cikin gora ne, don haka ka wuce da gorarka babu komai, ka cika ta a famfon sha na ciki. Wasu filayen sun sassauta dokar saboda sababbin na'urorin bincike, wasu ba su yi ba, to ka yi shiri kamar tana nan.

In zangon ya kai awa biyar ko shida, ka tambayi kuɗin shiga ɗakin hutawa na kuɗi. Abinci, shayi, wurin cajin waya, wani lokaci har da wanka, duk a kuɗi ɗaya. Ka kwatanta da abin da za ka kashe a ci biyu a waje. Wasu katunan banki ma suna ba da shiga kyauta masu su ba su sani ba. In za ka biya da kati kuma na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi, ka zaɓi na ƙasar da kake ciki, domin canjin da na'urar ke yi maka yawanci ya fi na bankinka tsada.

Sannan ka san haƙƙinka in jinkirin daga kamfani ne. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta wajabta wa kamfani ya ciyar da fasinja in an yi jinkirin awa biyu a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, awa uku a matsakaiciya, awa huɗu a doguwa. Ta shafi duk jirgin da zai tashi daga ƙasashen Tarayyar, kuma Birtaniya na da irinta. Ba kullum suke sanarwa ba. Ka je teburinsu ka nemi takardar abinci, in babu kowa ka saya ka ajiye rasit.

In na ci na rage, ko na sayi guzuri, zan iya shiga jirgi da shi?

Busasshen abinci yana wuce binciken tsaro, mai romo ko miya kuwa ana lissafa shi cikin ruwa. Matsalar tana can inda za ka sauka. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Amurka na son ka bayyana duk abincin da ke jakarka. Ostireliya da Niyu Zilan sun fi kowa tsanani: a Niyu Zilan tuffa ɗaya da ka manta ba ka bayyana ba tana jawo tarar dala 400 ta ƙasar nan take, ko da a cikin jirgi aka ba ka ita. Ka cinye kafin a sauka, ko ka jefa a kwandon da aka ajiye kafin teburin kwastan.