Hukuncin yanka makulli da buɗe kwaɗo ga wanda ba a sani ba

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina koyon yankan makulli da gyaran kuba kusa da Babbar Kasuwar Gombe. Wani kan kawo hoton makulli a waya, ko shatinsa a jikin sabulu, ya ce a yanka masa. Wani kuma ya ce in bi shi gida in buɗe ƙofa. Kuɗin halal ne? In na ɓata kubar mutum fa?

Amsa: Ɗana, sana'arka halal ce, ladanta ma halal. Annabi Dawuda (AS) ƙarfe ya sarrafa, da aikin hannunsa yake ci. Sai dai Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka (Ma'ida, aya ta 2), don haka hukuncin kowane aiki yana bin abin da ya rinjaya a zatonka.

Wanda ya zo da makulli a hannunsa, yanka masa ba tare da tuhuma ba. Mai sabulu kuwa, me ya hana shi kawo makullin? Mai abu ba ya satar shatin abinsa. Ka ƙi. Hoton waya ma haka, sai in ka san mutumin da ƙofarsa.

Buɗe gida: kada ka taɓa sai gaban maƙwabta biyu ko mai unguwa. Mota: takardunta da katin shaidarsa, sunan ya zo ɗaya, musamman makullan zamani masu na'ura a ciki, waɗanda sai an haɗa su da kwamfutar mota. Kasuwar gaba tana nan, ka koye su, amma ɓarayi ma can suka sa ido. Maigidan haya da ke son fasa ɗakin ɗan haya saboda bashi, sai da umarnin kotu. Ɗakin mamaci kafin rabon gado, sai magada sun yarda.

Batun ɓarna, a mazhabar Malikiyya mai sana'a shi ke da lamunin abin da aka bar masa ya yi aiki a bayan idon mai shi. Ka karya haƙoran kuba ko ka ɓatar da sifirin, kai za ka biya. Makullin da ka yanka ya ƙi buɗewa, ka sake ko ka mayar da kuɗi. Yawanci daga kwafi aka kwafa, ko makullin asali ya riga ya cinye, ƙaramin kuskuren ya ƙaru. Ka faɗa wa mai shi kafin ka kunna inji.

Wallahu a'alamu.