Kafin ka ce kayan jabu ne, duba ƙafar direban

Yarona, na ga saƙonka jiya da daddare, kana tambaya wai ya aka yi Golf ɗin nan ta haya da muka sa wa sabon kuloci ta dawo tana zamewa tun ba a je ko'ina ba, alhali ta malamin makarantar nan da muka sa wa iri ɗaya daga shago ɗaya a Panteka har yau lafiya lau, ko dai an haɗa mu da jabu ne. Jabu kam akwai shi a kasuwa ban musa ba, amma wannan karon ba laifin kaya ba ne, aikin direba ne, kuma in mun sauke giyabos ɗin da idonka za ka gani.

Ka fara duba fuskar filawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da injin ke juyawa, wanda filet, wato faifan kuloci, ke mannewa a jikinsa. In ka ga tabo-tabo shuɗi kamar an gasa ƙarfen, ga warin ƙauri yana tashi daga filet ɗin, to zafi ne ya cinye shi, zafin kuma daga zamewa yake zuwa. Direban haya yana cikin gosulo a Ahmadu Bello Way wajen kasuwa, ido na neman fasinja, ƙafar hagu na kan kuloci bai taka duka ba bai saki duka ba, yana ba ta totur tana jan jiki a hankali, to duk tsawon lokacin nan filet na gogar filawil ne yana ƙonewa. Mafi muni shi ne hawan gada irin ta Kawo in layi ya tsaya, maimakon ya ja hambirki sai ya riƙe motar da rabin kuloci kada ta koma baya, ga mutane cike ga buhuna a but. Wallahi abin nan na ci min rai, don minti kaɗan na wannan ya fi tafiya Zariya a dawo cin filet. Sannan ka shafa yatsun firesha filet, wato abin da ke matse filet a jikin filawil, inda rilis boris, boris ɗin da ke danna su in an taka kuloci, ke taɓawa, in sun yi ƙyalli sun zaizaye to mutumin yana ajiye ƙafa kan feda ko da yana gudu, shi a ganinsa bai taka ba, amma ɗan nauyin nan ya isa ya sa boris ɗin ya yi ta juyawa da lodi ba hutu har ya fara kuka.

Cikin giyabos kuma akwai zoben tagulla da muke ce wa sinkoro, aikinsa ya daidaita gudun haƙoran kafin su shiga juna. Lokaci yake so, ko da ɗan ƙiftawar ido ne. Wanda ke fizgar giya da ƙarfi ko ya canza bai kai kuloci ƙasa ba, zoben yake kankarewa, shi ya sa giya biyu ta fi saurin fara ƙarrr a motocin cikin gari, ita ce ke shan wahala daga an tashi sai ita. In ka kwance noti ka zubar da man giya, tara shi a kwano mai tsabta ka fita da shi rana. Ƙyalli ruwan gwal a ciki tagullar sinkoro ce, baƙin gari mai laushi a jikin maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe a giyabos ba komai ba ne, amma in ka ji ɓurɓushin ƙarfe na sukar yatsa to haƙori ko boris ya fara tafiya.

Ribas kuwa a yawancin tsofaffin motocin nan ba shi da sinkoro sam, dole mota ta tsaya cak, a taka kuloci a ɗan jira kafin a sa. Masu ɗora hannu kan sandar giya suna tuƙi su ma suna danna fok ɗin ciki ne, wato ƙarfen da ke tura giya ta shiga, yana gogar abin da ke juyawa.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wata ɗabi'a ta ƙaru, kowa na son tsimin mai, sai ka ga mutum a giya huɗu ko biyar mota na tafiyar ƙasa-ƙasa tana kakkarwa, wannan bugun yana sauka ne kan sifirin ɗin filet da boris na giyabos da injin kansa. Wasu kuma in sun samu gangara sai su jefa ta firi, birki kaɗai ke riƙe da mota har ya yi zafi, sannan a maida giya ana cikin gudu sinkoro ya sha kashi. Kuma a mota mai injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara ita da kanta take yanke mai, to ina ribar.

Man giya ma kar ka zuba kowanne, giyabos da yawa man da aka rubuta wa GL-4 suke so, wasu masu lambar GL-5 na cin tagulla. Da damina in mota ta ratsa ruwa mai zurfi duba man, in ya koma fari-fari ruwa ya shiga, a canza nan take.

Gobe in direban ya kawo Golf ɗin kar ka taɓa sifana tukuna. Ja hambirki, sa giya uku, ba ta totur kaɗan ka saki kuloci a hankali, in injin bai mutu ba ta tabbata kulocin yana zamewa. Duba wayar kuloci ko ta ɗaure, sannan ka shiga gefensa ku zaga unguwa shi yana tuƙi kai kana kallon ƙafarsa da hannunsa. Abin da ka gani ka zo ka faɗa min, kar ka yi masa gyara da kanka, ya girme ka, ni zan yi masa magana kafin mu sa wani filet ɗin.