Digirin Nazarin Iyali a Amurka: Amsa Ga Ƙanwata

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin digirin farko a fannin nazarin iyali a wata jami'a nan Amurka, amma duk wanda kika faɗa wa sai ya yi dariya, wai za ki ƙetare teku don a koya miki girki da zaman aure. Tambayoyinki biyu ne: shin karatu ne na gaske, kuma in kin gama za ki zama mai sasanta ma'aurata kamar yadda kike buri? Ta farko, ƙwarai kuwa. Ta biyu kam, wannan digirin shi kaɗai ba zai kai ki can ba, kuma gara ki ji daga bakina yanzu da ki gano bayan shekara huɗu kamar yadda ya faru da ni.

Masu dariyar ba su rasa hujja baki ɗaya ba, domin daga ilimin kula da gida fannin ya tsiro. Jami'o'in da aka kafa da filayen gwamnati bayan dokar Morrill ta 1862 su suka raine shi, kuma Ellen Swallow Richards, masaniyar kimiyyar sinadarai kuma mace ta farko da jami'ar MIT ta ɗauka karatu, ita ta jagoranci kafa ƙungiyar fannin a 1909. A 1994 ƙungiyar ta sauya suna zuwa ta kimiyyar iyali da masu sayen kaya. Yau a jami'o'i irin su Penn State sunan sashen HDFS, wato ci gaban ɗan Adam da nazarin iyali, kuma ni dai har na gama ban ga tukunya a aji ba.

Digirin galibi kiredit 120 ne, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, cikin shekara huɗu. Za ki bi mutum tun yana ciki har tsufansa: yadda jariri ke shaƙuwa da mai rainonsa, abin da talauci ko mutuwar aure ke yi wa yaro, yadda 'ya'ya ke ɗaukar nauyin iyayen da suka manyanta. Za ki gaji da jin sunan Urie Bronfenbrenner na Jami'ar Cornell, wanda ya nuna cewa ba a fahimtar yaro sai an dubi duk abin da ya kewaye shi, daga gida da makaranta har wurin aikin uba da dokokin ƙasa. Yana cikin waɗanda suka tsara shirin Head Start na yaran marasa galihu a 1965. Za ki kuma ji Mary Ainsworth, wadda a gidajen da ke kusa da Kampala, a shekarun 1950, ta fara zama tana lura da uwa da jaririnta. Abin da ke kada ɗalibai da yawa shi ne lissafin ƙididdiga da hanyoyin bincike. In kin zaɓi fannin don gudun lissafi, to yana nan yana jiranki a gaba.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai ba jarrabawa ba ne. An ce kowa ya zana taswirar danginsa har kakanni, ya nuna wa ya auri wa, wa ya rabu da wa, su wa ba sa ga maciji, wace cuta ke bin jini. Na ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Sai da na liƙa takarda uku, domin misalin da ke cikin littafinmu na uba da uwa da 'ya'ya biyu ne. Da na gama na zauna ina kallonta, na ga abubuwan da na taso ina gani kullum amma ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Ki shirya wa wannan. Ki kuma sani yawancin binciken da za ki karanta a kan iyalan Amurka aka yi shi, kada ki haɗiye shi kamar ya shafi kowa. Malamai na kirki suna son ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce a wajenmu ba haka abin yake ba.

Yanzu maganar aiki, inda gizo ke saƙa. A Amurka ba a kiran mutum ƙwararren mai ba ma'aurata da iyali shawara sai yana da digiri na biyu, ya yi aiki na tsawon lokaci ƙarƙashin kulawar wani mai lasisi, ya ci jarrabawa, sannan jiharsa ta ba shi lasisi. Aikin jin daɗin jama'a ma da nasa digirin, BSW na farko da MSW na biyu, kuma wanda ya yi BSW a shirin da aka amince da shi yakan iya gama MSW cikin kusan shekara ɗaya, gatan da digirinmu ba ya bayarwa. Ni ba wanda ya warware mini wannan sai a zangon ƙarshe. Abin da digirin farko ke buɗewa shi ne aiki a cibiyoyin yara, gidajen tsofaffi, ƙungiyoyin tallafa wa 'yan gudun hijira, ko koyar da iyaye tarbiyya, kuma albashin farko ba mai kauri ba ne. Akwai shaidar CFLE ta mai ilimantar da iyali, wadda NCFR, majalisar masana harkokin iyali da aka kafa a 1938, ke bayarwa. In majalisar ta amince da manhajar jami'arki, za ki iya neman shaidar ba tare da zana jarrabawarta ba. Tana da daraja, amma ba lasisi ba ce.

Sai biza. Mai bizar ɗalibai ta F-1 dole ya ɗauki aƙalla kiredit 12 kowane zango, kwas ɗaya tak na intanet ake lissafawa a ciki, kuma aikin albashi a cikin makaranta ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu. Horon sanin makamar aiki, wanda yawancin sassan ke wajabtawa, kada ki fara shi sai kin je ofishin ɗaliban waje an tabbatar miki ko kina buƙatar izinin CPT, wato izinin yin aikin da ke cikin tsarin karatu. Bayan kammalawa izinin aiki na OPT wata 12 ne; ƙarin wata 24 na fannonin kimiyya da fasaha ne, kuma lambar fannin da ke kan takardarki ta I-20, wadda jami'a ke ba ɗalibin waje don neman biza, ita ke nuna ko kina ciki.

In sasanta aure ne a zuciyarki, ki yi lissafin shekara shida zuwa sama da kuɗinsu tun yau, ki kuma duba ko jami'ar tana da BSW kafin ki biya ko sisi. Turo mini jerin kwasa-kwasan da wannan lambar, mu duba tare ranar Asabar in Allah ya kai mu.