Yaushe ƙudirin majalisa ke hawa kan ɗan kasuwa?

Tambaya: Ina da shago a Kano. Na ji majalisar dokokin jiha na duba wani ƙudirin haraji. Yaushe zai shafe ni?

Amsa: Malam, ƙudiri bai zama doka ba tukuna. Sau uku ake karanta shi a zauren majalisa. Bayan karatu na biyu ake miƙa shi ga kwamiti, kuma nan ne ya kamata ƙungiyar kasuwarku ta kai kokenta a rubuce. Bayan karatu na uku gyara kan yi wuya. Sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya zartar da shi. Ka nemi kwafin dokar ka duba ranar fara aikinta, domin takan bambanta da ranar sa hannu.