Jakar goyo ta yi wa ɗana kaɗan ne, ko in ci gaba da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana watansa 18, kuma a awon da muka je na ƙarshe kilo 11 ne. Har yanzu jakar goyon da aka kawo mini ranar suna nake saka shi a ciki, amma ƙafafunsa sai reto suke yi, ni kuma kafaɗuna kamar za su cire. A jikinta an rubuta tana ɗaukar har kilo 15. In ci gaba da ita ko in sayi ta manyan yara? Surukata ta ce ɓarnar kuɗi ce, zani ya isa. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Kilo 11 a wata 18 daidai yake da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ɗa namiji, to ki kwantar da hankalinki, yaro yana girma yadda ake so.

Wancan kilo 15 ɗin ƙarfin ɗinki da maɓallai yake nufi, wato nauyin da jakar za ta ɗauka ba ta tsinke ba. Bai ce yaron zai zauna daidai a ciki ba. Yawancin yara tsawonsu ne ke fara fin ƙarfin jakar tun nauyinsu bai kai abin da aka rubuta ba.

Ki saka shi ki tsaya gaban madubi. Ya kamata mazaunin jakar ya tallafe shi daga bayan gwiwa ɗaya zuwa kusa da bayan ɗayar, gwiwoyinsa su ɗan ɗara mazaunansa tudu, kamar dai yadda yaro ke zama in an goya shi da zani. In yadin ya tsaya a tsakiyar cinya, ƙafafu suka sauka zololo, nauyinsa duka sai ya koma kafaɗarki, abin da kike ji ke nan. Haɗarin wannan reton ga kwatangwalo ya fi yawa a watanni shida na farko, don haka kada ki tsorata cewa kin yi masa illa. A shekarunsa maganar gajiya ce, taki da tasa. Abin da ya fi damuna shi ne bayan jakar. Dole ya kai masa aƙalla hammata. Yaron da ya fara tafiya yana iya bankarewa ba zato don ya hango akuya ko ya miƙa hannu ga wani abu, in yadin ya tsaya a tsakiyar bayansa kuwa zai iya sulluɓowa. In haka taki take, ki ajiye ta yau.

Amma kada ki yi gaggawar sayen babba wai don ya girma a ciki, irin yadda muke yi da takalmin sallah. Alal misali jakar kamfanin Tula ta manyan yara daga kilo 11 take farawa zuwa 27, ɗanki yana bakin iyaka ke nan. In mazaunin ya fi shi faɗi, ƙafafunsa za su miƙe sandar, ba zai iya lanƙwasa gwiwa ba. Ki ari tef ɗin tela, ki zaunar da shi cinyoyi a buɗe, ki auna daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, sannan daga mazaunai zuwa hammata. Da waɗannan lambobi biyu za ki je kasuwa, in da hali ma ki tafi da shi a gwada. Ni da zan zaɓa miki, mai mazaunin da ake faɗaɗawa zan ɗauka, irin Ergobaby Omni 360 da ke kaiwa kilo 20, wadda ke da ɗamara mai kauri da ke sauke nauyin a ƙugu. Ki nemi mai raga-raga, domin zafin Afrilu ba ya ragawa yaro mai kaurin soso a baya. In ta gwanjo ce, ki ja kowane maɓalli da ƙarfi, ki duba ɗinkin inda maratayi ya haɗu da jiki, kuma ki yi hattara da jabu masu sunan manyan kamfanoni.

Maganar Hajiya kuwa, ki ba ta gaskiyarta. Yadi biyu na atamfa da majanyi mai ƙarfi suna ba yaro irin zaman da kamfanoni ke tallatawa, kuma ba a taɓa cewa zani ya yi wa yaro kaɗan. Inda ya gaza shi ne doguwar tafiya, saboda ɗaurin yana danne ƙirji kuma sai an yi ta gyarawa. In goyonki na cikin gida ne da zuwa makwabta, ki riƙe kuɗinki. In kuwa kina yini a asibiti ko kasuwa da shi a baya, ki auna shi yau da daddare bayan wanka, lokacin da ya fi natsuwa.